Labarin mulkin danniya: yadda ake rubuta masu bi da mai tirjewa

Tambaya: Wata marubuciya daga unguwar Jahun a Bauchi tana rubuta ƙagaggen labari a kan Bauchin shekara ta 2080, lokacin da wata gwamnati ta mallake komai na rayuwar jama'a. Ta kai babi goma sha biyu. Waɗanda ta ba su suka duba sun ce jarumar ba ta yi kama da mutum ba, domin tun shafin farko take caccakar hukuma ba tsoro, sauran mutanen gari kuma kamar ba su da hankali. Tana tambayar ta inda za ta fara gyara.

Amsa: Ƙanwata, waɗanda suka duba miki sun faɗa miki gaskiya, kuma ƙorafin nasu biyu tushensu ɗaya ne. Jarumar ba ta gamsar da su ba saboda biyayyar mutanen garin ba ta gamsar da su ba. Matuƙar mai karatu bai ji a ransa cewa da shi ne a garin nan, shi ma da ya sunkuyar da kai ya bi layi ba, to tirjiyar jarumarki ba za ta girgiza shi ba, don bai ga abin da ta sayar ta yi ta ba. Saboda haka ki ajiye jarumar tukuna. Masu biyayya za ki fara ginawa, su ne kashi uku cikin huɗu na aikin.

Da farko ki tantance irin mulkin da kike rubutawa, domin kama-karya daban, mulkin mallake komai daban. Mu a Najeriya kama-karyar soja muka sani. A 1984 an ɗaure 'yan jarida biyu na jaridar Guardian, Tunde Thompson da Nduka Irabor, shekara guda a ƙarƙashin Dokar Soja mai lamba 4. A 1998 jam'iyyu biyar da gwamnati ta yi wa rajista duk suka tsayar da Janar Sani Abacha a matsayin ɗan takararsu tilo. Amma ko a waɗannan shekarun kasuwa tana hannun 'yan kasuwa, makarantar allo tana hannun malaminta, kuma da daddare a teburin mai shayi mutane suna sauraren sashen Hausa na BBC suna faɗin abin da ke ransu. Soja shirunka yake so. Mulkin mallake komai kuwa shirunka bai ishe shi ba: sai ka fito ka yi tafi, sai ka kai rahoton maƙwabcinka, sai ɗanka ya fi amincewa da hukuma a kanka. Littafin George Orwell mai suna 1984, wanda ya fito a 1949, a kan wannan gaɓar ya ƙare, domin ba su ƙyale jarumin ba sai da suka sa ya ƙaunaci shugaban da gaske. Idan gwamnatin labarinki duka da ɗauri kawai take yi, to labarin soja kike rubutawa, ba laifi ba ne, amma wani littafin ne daban.

Sai ki tambayi kanki yadda aka yi mulkin nan ya hau. Sabbin marubuta sukan tsallake wannan, alhali nan ne biyayya take samun hujjarta. A Jamus marasa aikin yi sun kai kimanin miliyan 6 a 1932. Aka ƙona ginin majalisa ranar 27 ga Fabrairu 1933, washegari aka fitar da dokar da ta dakatar da 'yancin jama'a da sunan tsaro, ranar 23 ga Maris majalisa da kanta ta miƙa wa Hitler ikon yin doka ba tare da ita ba. Mutanen da suka gaji ne suka buɗe ƙofar. Mai karatunki ɗan Arewa maso Gabas ne, ya san mene ne fargabar bam a tasha, ya san labarin masu garkuwa da mutane a hanya. Ki ba gwamnatin labarinki wannan nasarar: ta kawo tsaro da gaske. A garinki na 2080 mace tana iya tasowa daga Yelwa zuwa Ƙofar Ran ƙarfe biyun dare ba wanda zai tare ta, ba a satar babur, asibiti akwai magani. Dattijon da ya binne 'ya'yansa biyu a zamanin rikici, idan ya ce wa jarumarki zama lafiya ya fi zama ɗan sarki, dole ne maganarsa ta yi nauyi har mai karatu ya rasa amsar da zai ba shi. Aldous Huxley a littafinsa na 1932 ya ma wuce nan, domin mutanensa da jin daɗi da wata ƙwaya mai gusar da damuwa aka riƙe su, ba da bulala ba.

Yanzu maƙogwaro. Kowane irin mulkin nan yana da abu ɗaya da ya riƙe wanda ba a rayuwa sai da shi, kuma ke marubuciya dole ki san lissafinsa kamar yadda uwargida ta san lissafin cefanenta. Ki zaɓi abu ɗaya ko biyu kawai. Ga Bauchi ruwa ya fi dacewa, tunda ruwan famfon gari daga madatsar Gubi yake zuwa. Ki sa hukuma ta toshe rijiyoyin gida da sunan kare lafiya, ta karɓe dukkan rijiyoyin burtsatse, ta hana sana'ar 'yan garuwa. Sai ki yanke adadi: gida mai mutum takwas yana da jarka huɗu mai lita 25 a rana, da masara mudu shida a mako, duk da kati. Gidan da ɗaya daga cikinsu ya yi fashin taron Asabar sau biyu, a mayar da shi jarka biyu na wata guda. Ki rubuta waɗannan alƙaluman a takarda daban, kada su sauya daga babi zuwa babi sai da dalili. Amfaninsu shi ne hukuncin ba ya tsayawa a kan mai laifi. Jarka biyu na nufin tsohuwa za ta yi taimama, jariri zai kwana da ƙazanta, kuma kowa a gidan ya san wa ya jawo musu. Orwell ya yi amfani da irin wannan ƙaramin lissafi: an rage rabon cakulan daga giram 30 zuwa 20, kwana ɗaya bayan nan aka fito zanga-zangar godiya wai an ƙara shi zuwa giram 20. Idan kina son ki ji yadda abin yake a jiki, ki tuna farkon 2023 lokacin canjin takardun naira, da mutum yana da kuɗinsa a banki amma ya kasa sayen omo. Wancan ba mulkin mallake komai ba ne, amma ya nuna yadda rayuwa ke tsayawa cak idan hanya ɗaya tak ta rage kuma wani ne ke riƙe da ita.

Batun sa ido shi ne inda aka fi yin kuskure. Marubuta sukan cika gari da kyamara da jirage marasa matuƙa, su manta cewa mai karatu ya san halin wutar lantarki, kuma na'ura ba ta da ciwo a labari. Mutum ne yake da ciwo. Hukumar leƙen asirin Jamus ta Gabas, Stasi, tana da ma'aikata kimanin 91,000 a 1989, da 'yan rahoto na ɓoye fiye da 170,000, a ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan 16 da ɗoriya ba. Da aka buɗe fayilolin bayan haɗewar Jamus, mutane sun tarar da sunayen abokansu, wasu ma na mazajensu ko matansu. A Koriya ta Arewa ana haɗa gidaje kamar 20 zuwa 40 a ƙarƙashin shugaba ɗaya, galibi mace magidanciya, wadda ta san wa ya kwana a wane gida. Ki ɗauki wannan tsarin ki zuba shi a lungunanmu: kowane gida goma da uwar layi, uwayen layi suna kai rahoto ga mai unguwa ranar Alhamis, baƙon da zai kwana sai an rubuta sunansa kafin isha'i. Kuma kada ki yi uwar layin nan muguwa. Ki yi ta matar da ta karɓi haihuwar rabin yaran layin, wadda ta karɓi aikin don ɗanta mai ciwon sikila ya riƙa samun magani. 'Yan rahoto ta ƙofa huɗu aka fi kama su: bashi, neman gurbin karatu ko aiki ga ɗa, rashin lafiya, ko wani abin kunya da hukuma ta sani. Ki ba kowane ɗan rahoto a littafinki ɗaya daga ciki. Ba sai sun yi yawa ba ma. Abin da ake buƙata shi ne kowa ya kasa tantance wane ne, sai majalisar ƙofar gida ta koma hirar ƙwallo da farashin taki kawai.

Akwai bincike biyu da ya kamata duk mai irin wannan rubutu ya sani. A farkon shekarun 1950 Solomon Asch a Amurka ya riƙa zaunar da mutum ɗaya cikin wasu da aka haɗa baki da su, a nuna musu layuka a ce su faɗi wanda ya yi daidai da wani a tsawo. Amsar a bayyane take, amma sai waɗanda aka haɗa baki da su su faɗi ƙarya baki ɗaya. Kimanin kashi ɗaya cikin uku na amsoshin sun bi ƙaryar, kuma kusan mutum uku cikin huɗu sun bi ta aƙalla sau ɗaya. Da aka sa mutum ɗaya tak cikin taron ya faɗi gaskiya, sai bin ƙaryar ya faɗi warwas. Na biyu shi ne na Stanley Milgram a Jami'ar Yale a 1961: an umarci mutane su riƙa jona wa wani lantarki idan ya yi kuskure, ba su san cewa lantarkin na ƙarya ne ba, 26 cikin 40 suka kai har maƙura, bolt 450, don kawai wani mai rigar ɗakin bincike yana ce musu su ci gaba. A wani zagayen da aka sa abokan aiki biyu suka ƙi ci gaba a gabansu, 4 cikin 40 ne kawai suka kai ƙarshe. Abu biyu za ki ɗauka. Masu bin ba mahaukata ba ne, da yawansu suna gumi suna rawar jiki suna bi, don haka ki nuna gumin. Sannan tirjiya ba ta cika tsirowa a zuciyar wanda yake shi kaɗai ba, sai ya ga wani ya yi. Jarumar da ta farka da safe ita kaɗai ta gane gaskiya ba tare da ta ga kowa ba, ita ce wadda masu karatunki suka ƙi yarda da ita.

Kada kuma ki ɗauka duk mai tafi ya yarda. Václav Havel, wanda daga baya ya zama shugaban Cekoslobakiya, ya yi rubutu a 1978 a kan mai sayar da kayan miya da ke liƙa taken jam'iyya a tagar shagonsa. Bai damu da abin da taken ke cewa ba, saƙonsa ga hukuma kawai shi ne: ni mai bi ne, a ƙyale ni. Amma da shi da maƙwabcinsa da kowa suka liƙa, sai kowannensu ya zama hujja a kan ɗan'uwansa cewa kowa ya yarda. Ki kai wannan kasuwar Wunti. Mai atamfa ya rataye hoton shugaba, mai takalma ya ga haka ya rataye wanda ya fi girma, wanda bai rataye ba ba sai jami'i ya zo ba, shugaban layinsu ne zai zo ya roƙe shi kada ya jawo a rufe musu layi. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kowa ya haɗiye abin da ya sani. Wannan ne ma dalilin da irin mulkin nan yake rushewa farat ɗaya idan ranar ta zo. Ranar 21 ga Disamba 1989 an tara dubban mutane a Bukares, babban birnin Romaniya, don su yi wa shugaban ƙasar Ceaușescu tafi kamar kullum, sai ihu ya tashi daga bayan taro ana nunawa kai tsaye a talabijin, kwana huɗu bayan nan aka harbe shi.

Ga inda nake so ki fi daɗewa, domin nan ne littafinki zai bambanta da na Turawa. Jaruman waɗancan littattafan galibi ba su da kowa: ɗaki ɗaya, ba uwa, ba dangi, ba wanda zai tambaye su inda suka kwana. 'Yar Bauchi ba haka take ba. Tana da uwa, da kawu, da gwaggo, da surukai, da ƙawayen adashi, da gidan biki da na makoki da ba ta isa ta ƙi zuwa ba. Gwamnatin labarinki ba za ta iya rushe zumunci ba, don haka sai ta hau kansa. Mafi ƙarfin makaminta ba ɗan sanda ba ne, mahaifiya ce. Ki gwada rubuta fage irin wannan: jarumar ta dawo daga aiki, ta tarar Inna zaune a kan tabarma a tsakar gida, jarkoki biyu a gabanta maimakon huɗu, ɗaya da jan fenti a murfinta. Inna ba ta yi faɗa ba. Ta ɗebi ruwa a moɗa ta miƙa mata ta ce, “Sha, kin sha rana.” Da ta sha sai ta ce, “Na Abba ne kika sha, shi ya ce a bar miki.” Can ta ƙara da cewa, “Auren ƙanwarki saura wata biyu, kin san sai da takardar uwar layi. Ki rufa mana asiri, don darajar nonon da kika sha.” Babu ɗakin azaba da ya kai wannan. Idan jarumarki ta iya wucewa ta gaban wannan tabarmar ba tare da ta karaya ba ko sau ɗaya, ba mutum kika rubuta ba. Ki bari ta karaya, ta je taron Asabar mai zuwa ta yi tafi fiye da kowa, ta tsani kanta a hanyar dawowa.

Haka addini. Ba zai yiwu ki rubuta Bauchi ba masallaci ba coci ba, kuma mai karatu ba zai yarda an hana salla kowa ya yi shiru ba. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne hukuma ta bar ibada ta karɓe mumbari: huɗubar Juma'a da wa'azin Lahadi daga ofis ɗaya ake aiko su a rubuce, limami da fasto sai da lasisi, ana yawaita jawo nassin biyayya ga shugabanni ana tsallake sharaɗinsa. A nan kina da taskar da Orwell ba shi da ita. Alƙur'ani ya ce Fir'auna ya raina hankalin mutanensa sai suka bi shi. Ya ba da labarin mumini daga cikin mutanen Fir'auna da ke ɓoye imaninsa har ranar da ya yi magana. A Suratun Nahli akwai rangwame ga wanda aka tilasta alhali zuciyarsa tana natse da imani, kuma malaman tafsiri suna danganta saukarta da abin da ya sami Ammar ɗan Yasir. Ga kuma hadisin da ya ce mafificin jihadi shi ne faɗin gaskiya a gaban azzalumin shugaba. Ma'ana mai shiru yana da hujjarsa, mai magana yana da tasa. Ki haɗa malamai biyu masu tsoron Allah a zaure ɗaya, ɗaya ya karɓi lasisi don kada a rufe makarantarsa yara ɗari biyu su watse, ɗaya ya ƙi, ki bar su su yi muhawara ba tare da kin mayar da ɗayansu munafuki ba.

To, sai jarumar. Ki sa ta cikin injin mulkin, kada ki ajiye ta a gefe tana kallo. Jarumin Orwell ma'aikaci ne da ke gyara tsofaffin jaridu su dace da ƙaryar yau. Na Yevgeny Zamyatin, wanda ya rubuta nasa a Rasha wajen 1920 zuwa 1921, injiniya ne mai alfahari da gwamnatinsa. Na Ray Bradbury a 1953 aikinsa ƙona littattafai. Dalili shi ne na ciki ne yake ganin ɗinkin ƙaryar, kuma shi ne yake da abin da zai rasa. Irin aikin nan ya faru da gaske: bayan an kashe Beria, tsohon shugaban 'yan sandan asirin Sobiyet, a 1953, an aika wa masu babban kundin ilimi na Tarayyar Sobiyet sababbin shafuka, aka ce su yanke bayaninsa su liƙa wani a kan tekun Bering. Jarumarki za ta iya zama ma'aikaciyar ofishin rajista, aikinta goge sunayen waɗanda aka ɗauke daga katin ruwa, da rajistar makaranta, da takardar aure, sunaye goma sha biyar zuwa ashirin a rana, kuma ta iya aikin har an ba ta lambar yabo. Ranar da sunan malamar Islamiyyar da ta koya mata karatu ya zo teburinta, ki sa ta goge shi. Eh, ta goge. Tirjiyar a daren ne za ta fara, lokacin da ta kasa barci ta riƙa maimaita sunan.

Matakan tirjiya kuwa hadisin nan na gusar da mummuna ya riga ya jera su: hannu, harshe, zuciya. A labari daga ƙasa ake hawa. Na zuciya shi ne ta daina yarda alhali tana tafi. Sai ƙaramin aiki da ba wanda ya sani: ta fara haddace sunayen da take gogewa, biyar a rana, tana bitarsu a kan carbi bayan asuba. Wannan ba ƙage ba ne a tarihi. Mawaƙiyar Rasha Anna Akhmatova takan rubuta baiti a 'yar takarda, aminiyarta ta haddace, a ƙona takardar nan take. A Romaniya dokar 1983 ta sa duk mai keken rubutu ya yi masa rajista wurin 'yan sanda da samfurin haruffansa, don a gane wanda ya buga takardar ɓoye. A ƙasar da yara ke haddace izu sittin, hadda makami ce da ta dace da mu fiye da kowa. Mataki na gaba shi ne harshe: ta faɗa wa mutum ɗaya. Wannan shi ne fage mafi haɗari a littafin, domin baki shi ke yanka wuya, don haka ki ba shi babi guda cur, da gwaji da ja da baya da magana mai harshen damo kafin ɗayansu ya saki jiki. Hannu shi ne na ƙarshe, kuma ya zama daidai ƙarfinta: ta bar wani suna a katin ruwa don marayu su ci gaba da samun jarka huɗu, ba ta kai hari gidan gwamnati ba. 'Yan wata ƙungiyar ɗalibai masu adawa da Hitler a birnin Munich na Jamus takardu shida kawai suka fitar, ma'aikacin jami'a ne ya gan su ya kai rahoto ranar 18 ga Fabrairu 1943, ranar 22 aka yanke wa Sophie Scholl da yayanta Hans hukunci aka kashe su a ranar. Shekararta 21.

Idan littafin babi 30 ne, ga rabon da ke aiki. Bakwai na farko jarumar tana bi, kuma tana cin moriyar bin. Daga na 8 zuwa na 12 tsagewar zuciya. Daga na 13 zuwa na 20 ƙananan ayyuka da samun abokin sirri, da karaya aƙalla sau ɗaya a tsakiya. Daga na 21 zuwa na 26 zargi da matsi a kan dangi, sauran huɗun biyan farashi. Ba doka ba ce, amma duk wanda ya taƙaita kashin farko ƙasa da babi biyar yakan faɗa ramin da kika faɗa.

Kura-kuran da suka rage a gurguje. Kada shugaban ya riƙa fitowa yana ƙyaƙyata dariyar mugunta, gara ma kada a gan shi sam sai a hoto da rediyo, jami'in da zai yi wa jarumar tambayoyi kuma ya zama mai ladabi, ya tambayi jikin Inna da sunanta. Kada kowa ya yi jawabin da ya wuce layi biyar a kan 'yanci, mutanen da ke cikin tsoro a gajarce suke magana. Soyayya tana da gurbi, domin ita ce abu na farko da mutum ke fifitawa a kan hukuma, amma idan ta cinye babi goma an koma littafin soyayya mai kayan soja. Ki ƙirƙiri kalmomin hukuma kamar guda shida zuwa takwas, masu daɗin ji da mugun nufi, misali a kira kamu da “gayyata”, gidan tsare mutane “gidan gyara”, ki bar mutanen gari su riƙa faɗinsu ba tare da kin yi bayani ba. Kuma kada ki ɗora mulkin a kan wata ƙabila, ko ɗariƙa, ko jam'iyyar da ke raye yau. Ban da haɗarin da ke ciki, yana ba mai karatu mafita, sai ya ce ai su wane ne, ba mu ba.

Game da ƙarshen labari, ba dole jarumar ta yi nasara ba, ba dole kuma a murƙushe ta kamar na Orwell da na Zamyatin ba. Abin da ba ya karɓuwa shi ne yarinya ɗaya ta kifar da gwamnati a babi biyu. Idan kina son mulkin ya faɗi, ki shuka alamun ruɓewarsa tun tsakiyar littafi: famfo ya fara ƙafewa har a unguwar manya, albashin masu gadi ya makara wata uku, uwar layi ta fara kawar da kai. Idan kuma ba zai faɗi ba, ya isa a ce sunayen da ta haddace sun koma kan mutum na biyu kafin a zo gayyatarta.

Babi goma sha biyun da kika rubuta kada ki yar da su, yawancinsu za su koma tsakiyar littafi. Ki zauna ki rubuta sababbin babi biyar a gabansu, waɗanda jarumar ba ta furta kalma ɗaya ta suka a cikinsu ba. Ki ba mutum uku su karanta, ɗaya ya kasance dattijo ko dattijuwar da ta ga mulkin soja da idonta, ki yi musu tambaya ɗaya: da kai ne a gidan nan mai jarka huɗu, za ka je taron Asabar? Idan biyu cikin ukun suka yi jim kafin su amsa, ki wuce babi na shida. Idan duk suka ce a'a nan take, ki koma ki ƙara wa gwamnatin alheri, ki ƙara wa Inna hujja.